Kafin Ka Sayi Injin Yankan Ciyawa a Dutse

Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba, duk filin da aka ƙyale a Dutse sai ya rufe. Harabar makaranta, bayan katangar gida, fulotin da ba a gina ba a Ɗanmasara ko Fatara, ko'ina ciyawa ce har gwiwa, wani wurin har ƙugu. Sauro ya samu mafaka, kunama da maciji su samu hanya. A wannan lokacin ne masu gida da shugabannin makarantu ke fara cigiyar injin yankan ciyawa, kuma a nan ne da yawa ke yin sayen da-na-sani. A tafi Kano, a ga inji mai taya huɗu yana sheƙi a ƙofar shago, a biya kuɗi masu kauri, a kawo shi ya yi damina ɗaya, daga nan ya kwanta a sito.

Sau da yawa injin ba shi da laifi, an kai shi inda ba wurinsa ba ne. Wani Bature mai suna Edwin Budding ne ya ƙera na farko a shekarar 1830 a yankin Stroud na Ingila, bayan ya lura da na'urar da ke aske gashin yadi a masaƙa. Ƙasar da ya yi wa shi tana da laushi, ruwa na sauka a kanta kusan kowane wata, ciyawarta gajera ce mai taushi da aka shuka ake lallaɓawa. Har yau yawancin injinan da ake turawa a kan taya an ƙera su ne bisa zaton fili a baje yake, babu dutse, kuma ana yankansa kowane mako. Mu kuwa ruwanmu na wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba. Ciyawa ta taso lokaci ɗaya da ƙarfinta, sannan a yi wata bakwai ko takwas ƙasa na ƙuna. Saboda haka kafin ka tambayi farashin komai, zagaya filinka da ƙafa, idonka a ƙasa.

Fara da irin ciyawar. Idan kiri-kiri ce, wadda ke yaɗo tana kafa saiwa a kowace gaɓa, to kana da abin da injin taya zai iya aiki a kai. Ita ce ciyawar adon da ta fi dacewa da mu. Tana jure rana, tana jure taku, idan ta bushe da rani saiwarta na nan da rai, ruwan farko na sauka sai ta farfaɗo. Inuwa ce kawai ba ta so, shi ya sa take sanƙo a ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro. Amma abin da ke damun yawancin mutane a Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu ba kiri-kiri ba ce. Ciyawar da ta fito da kanta ce: kyasuwa, harƙiya, burburwa, guɗe-guɗe, ƙarangiya, da gamba a wurin da aka daɗe ba a taɓa ba. Ga tafasa da rai-ɗore, waɗanda zuwa Satumba karansu ya yi tauri. Yawancin waɗannan a tsaye suke girma. Ka tura musu injin taya, ko dai ya kwantar da su ya haye ya wuce, ko su naɗe wuƙar su shaƙe shi ya mutu. Ka ja igiya ya tashi, ka yi taku uku, ya sake mutuwa.

Sai ƙasar kanta. Garin Dutse na zaune a gindin duwatsu, kuma daga Garu har sababbin unguwanni rairayi ne gauraye da tsakuwa, wani wurin ma kan dutse ne ya leƙo a tsakiyar ciyawa. Tun da Dutse ta zama babban birnin jiha a 1991 gini bai tsaya ba, don haka da wuya ka samu harabar da babu gutsuren bulo, guntun rodi, ƙusa ko waya a ɓoye a cikinta. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: fulotai da yawa gonaki ne jiya-jiya, kunyoyin gero da gyaɗa suna nan ba su baje ba. Wuƙar injin taya tana juyawa kusan sau 3,000 a minti ɗaya, kuma a yawancinsu kai tsaye aka ɗaure ta a kan kiranshaf. Ta daki dutse sau ɗaya da ƙarfi, kiranshaf ya lanƙwashe, injin ya shiga kakkarwa yana kwance notunansa da kansa. Gyaran wannan ya kusa kuɗin sabon inji. A kan kunya kuwa, taya ta faɗa kwari, wuƙa ta sari tudu, ta kwashi rairayi ta watsa, kafin a tashi aiki bakinta ya dakushe.

Girman fili shi ne na uku, kuma lissafinsa ba wuya. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 murabba'in mita 465 ne. Ka cire gini, ka cire wurin mota da inda aka yi daɓe, abin da ya rage wa ciyawa ba shi da yawa. Idan iyakar filinka ke nan, gaskiyar magana ita ce langalanga mai kaifi da lauje da manjagara sun ishe ka, kuɗin injin ka sa shi a wani abin. Idan filin ya fi haka, ka auna shi da wannan: injin taya mai faɗin yanka santimita 46, mutum na tura shi da tafiyar kilomita 3 a awa, zai ci murabba'in mita 1,380 a takarda. Ka cire juyi da tsayawa da zubar da ciyawa, abin da za ka samu bai wuce 1,000 ba. Filin ƙwallo cikakke, mita 105 da 68, murabba'in mita 7,140 ne, wato aikin yini guda ne ga mutum ɗaya, kuma da damina mako na zagayowa sai an sake.

A ganina, mutum takwas cikin goma masu neman inji a wannan yanki, injin kafaɗa suke bukata. Shi ne mai doguwar sanda, inji a bayanta, wuƙa ko zare a bakinta, ana rataya shi a jiki ana shara da shi dama da hagu. Ba ruwansa da kunya, ba ruwansa da rami, yana shiga gindin katanga da tsakanin bishiyoyi da gefen kwata. Mai riƙe da shi yana ganin dutse ya ɗaga hannu. Ko ya daki wani abu, tsakanin wuƙa da injin akwai kuloci da doguwar sanda da giya, don haka ɓarnar ba ta kaiwa ga zuciyar injin. Abin da ba ya iyawa shi ne ya daidaita ciyawa tsawo ɗaya sumul. Idan burinka fili ya zama fes, a ga ƙasa, a kori sauro da maciji, wannan bai dame ka ba.

Waɗanda suka cika kasuwa 'yan Caina ne masu ƙarfin 43cc da 52cc, nauyinsu kilo 7 zuwa 8. Na 43cc ya isa aikin gida da makaranta. Na 52cc sai wanda zai riƙa kama gamba da ƙananan itatuwa, ko mai yin aikin a matsayin sana'a. Ka zaɓi mai miƙaƙƙiyar sanda da hannu biyu irin na keke, ka kuma dage a ba ka maratayi na kafaɗa biyu mai ƙugiya a ƙugu. Maratayin igiya ɗaya da ake cusawa a kwali kyauta yana cin wuya, bayan awa ɗaya mai aikin ya fara sakin injin ƙasa, daga nan wuƙa ta fara cin tsakuwa. Akwai kuma irin goyo, wanda injin ke zaune a baya. Yana da sauƙi a jiki, amma igiyar ƙarfe mai lanƙwasa da ke kai ƙarfi zuwa sanda tana tsinkewa, sai ka tabbatar ana samun ta kafin ka saya. Ka tambayi kaurin bututun sandar, milimita 26 ne ko 28, da yawan haƙoran da ke bakinta, 7 ne ko 9. Ranar da giyar kai ta lalace, da waɗannan lambobin za ka nemi wata.

Bakin injin iri uku ne, kuma ya kamata ka taho da biyu aƙalla. Zaren roba mai kaurin milimita 2.4 zuwa 3 na ciyawa mai taushi ne da gindin bango da kusa da gilashi. Wuƙa mai haƙora uku ita ce ta kyasuwa da tafasa da duk ciyawar damina. Zarto mai haƙora 40 na kara mai tauri ne da ƙananan itatuwa, kuma ba na ɗan koyo ba ne, don idan ya ci karo da abu yana wurgo sandar gefe da ƙarfi.

Yawancin waɗannan injina irin ƙaramin janareta ne, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. A nan ake kashe su. Wani ya zuba fetur zalla, fiston ya kama cikin minti kaɗan. Wani ya zuba baƙin man mota da ƙiyasin ido, salansa ta toshe, fulogi ya yi baƙi, injin ya rasa ƙarfi. Man da aka rubuta wa 2T ake nema, a kuma auna shi yadda littafin injin ya ce. 'Yan Caina galibi kashi 1 cikin 25 ne, wato mililita 40 a kowace litar fetur. Kamfanoni irin Stihl na Jamus da Husqvarna na Suwidin suna cewa 1 cikin 50 da man da suka amince da shi, wato mililita 20 a lita. Sirinji babba daga kemis ya isa ma'auni. A haɗa a cikin jarka daban a girgiza, kada a haɗa a tankin injin, kuma kada a haɗa abin da zai wuce wata guda ba a ƙarar ba. Idan injin zai riƙa yawo a hannun mutane da yawa, kamar na makaranta ko na masallaci, inda yau maigadi gobe wani, to ka nemi wanda baƙin mansa ke zaune a ma'ajiya daban, irin Honda GX35. Ya fi tsada, amma ba haɗi, ba hayaƙi sosai, kuma ya fi tsimin fetur. Baƙin mansa bai wuce mililita 100 ba, don haka sai ana duba shi kafin kowane aiki.

Akwai wani dalili da ya sa nake fifita injin kafaɗa a Jigawa, wanda babu littafin kamfani da zai gaya maka. A wurinmu ciyawa dukiya ce. Da wuya ka samu layi a Dutse da babu gidan da ke da tunkiya ko akuya, ban da masu turke ragunan layya. Ciyawar da wuƙar ƙarfe ta sara daga gindi da tsawonta take faɗuwa. A shanya ta a juya, a ɗaure ta dami-dami, a ɗora a kan rumfa, ta zama abincin dabba a bazara lokacin da ƙaramin ƙulli ke tsada. Injin taya kuwa niƙe ta yake yi. Niƙaƙƙiyar ɗanyar ciyawa idan aka tara ta, nan da nan take ɗaukar zafi ta yi tsami, bai kamata a ba dabba ita a haka ba, ramin taki ya fi dacewa da ita. Zaren roba ma yana farfasa ta, yana kuma barin gutsattsarinsa a ciki. Idan don dabbobi za ka yanka, ka yi amfani da wuƙa, kuma ka yanka kafin ciyawar ta fitar da kai, lokacin da ganye ya fi kara yawa. Ƙarangiya kuwa, duk wanda ya bari ƙayarta ta nuna ya shuka ta baɗi ke nan. Shugaban makarantar da ya yi yarjejeniya da mai kiwo, wannan ya kawo inji wancan ya kawo hannu ya tafi da ciyawa, ya rage wa kansa rabin kuɗin aikin.

Shi ya sa ma ba na goyon bayan al'adar da ta shigo ta feshe haraba da maganin ciyawa. Yana da sauƙi, amma ciyawar ta haramta ga dabba, filin ya zama fako, ruwan Agusta ya zo ya zaizaye rairayin zuwa kwata, da rani kuma iska ta kwaso ƙurar zuwa cikin ɗaki. Saiwar ciyawa ita ke riƙe irin wannan ƙasa tamu. A yanke ta gajera a bar saiwar.

Wani amfanin kuma: ana ɗaura wa injin kafaɗa wani kwando na ƙarfe a bayan wuƙa, ya zama na girbin shinkafa da alkama. Wanda ke da gona a fadama, ko 'yan uwa a Ringim, Auyo ko Haɗeja, injinsa ba zai yi zaman banza ba bayan damina.

To, wa ya dace da injin taya? Wanda ya baje filinsa, ya tsince duwatsu, ya shuka kiri-kiri, kuma yana da ruwan da zai ba ta. Wannan na ƙarshen shi ne babba. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ciyawar ado na shan lita 5 zuwa 7 a kowane murabba'in mita a kullum idan ana son ta zauna kore. Fili mai murabba'in mita 100 ke nan yana neman lita 500 zuwa 700 a rana, jarka 20 zuwa 28 ta 'yan ga-ruwa. Wanda ba shi da rijiyar burtsatse tasa, ya san ciyawarsa ta damina ce kawai, injinsa kuma aikin wata huɗu zai riƙa yi a shekara. Ya sa wannan a lissafi kafin ya biya.

Idan filin ya cika waɗannan sharuɗɗa, ga abin dubawa. Faɗin yanka santimita 46 da inji mai 140cc zuwa 160cc ya ishi gida, har fili mai murabba'in mita 1,000. Fiye da haka, a nemi santimita 51 ko 53 da inji mai 160cc zuwa 190cc. Waɗannan duk baƙin mansu daban yake, kusan rabin lita, a canza shi bayan awa 5 na farko, daga nan duk awa 25 saboda ƙurarmu. Ka duba tsawon da injin ke iya ɗagawa. Wanda iyakarsa santimita 5 bai dace da mu ba, a nemi mai kaiwa 7 ko 8, domin mako guda na ruwa ya isa ciyawa ta tsere maka. Kiri-kiri tana son a riƙe ta a santimita 3 zuwa 5, kuma ƙa'ida ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka ɗaya. Idan ta yi tsawo, a ɗaga injin a wuce, bayan kwana biyu ko uku a sauke a sake. Wanda ya sauke ta lokaci ɗaya zai tarar da fili ja, kara zalla.

Ka tabbatar yana da ƙofar fitar da ciyawa ta gefe. Jakar baya tana da kyau a ido, amma da ɗanyar ciyawar Agusta cika take yi kafin ka kai ƙarshen layi, bakinta kuma ya toshe. Tayoyin baya su zama manya, masu boris na ƙarfe, don tayar roba zalla rairayi na cinye cikinta ta fara rawa. Kwanon da ke rufe wuƙa ya zama ƙarfe mai kauri. Danna shi da babban yatsa, idan ya lotsa ka bar shi. Sannan matatar iska, wadda a nan ta fi kusan komai muhimmanci, domin ƙurar da ta wuce ta ita ke cinye ringi. Ta soso ana wanke ta da sabulu, a shanya, a ɗiga mata baƙin mai a matse a mayar. Ta takarda sai dai a kaɗe, idan ta toshe a sayi wata. Mai haɗe da duka biyun ta fi. Game da mai tafiya da kansa, yana rage gajiya a babban fili, amma ya ƙaro bel da giya da waya, duk abubuwan da ke lalacewa ne. A ƙaramin fili ba ya biyan kuɗinsa.

Masu lantarki da masu batir suna jan hankali tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, domin injin fetur na shan kusan lita ɗaya a awa. Mai waya ba shi da nauyi, ba hayaƙi, ba kafireta, amma yana jan wat 1,200 zuwa 1,800. Idan KEDCO ta ɗauke wuta ko ta kawo ta ba ƙarfi, aikin ya tsaya, kuma ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa. Ga haɗarin waya a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Mai batir ya fi dacewa da gidan da ke da sola. Ninka lambobi biyun da ke jikin batirin ka san abin da ke cikinsa: 36V da 4Ah ya ba ka 144, wanda kan ishi fili mai murabba'in mita 200 zuwa 300 idan ciyawar gajera ce. Maƙiyinsa zafi ne. Kada a bar batir a rana ko a cikin mota, kada a sa shi caji yana da zafi. Kafin ka saya, tambayi kuɗin batirin shi kaɗai, domin shi ne zai riga komai mutuwa. Akwai kuma na hannu, marar inji, jikan na Budding. Yana yanka mafi kyau a kan kiri-kiri gajera, amma tsakuwa ɗaya na tsayar da shi.

Manyan filaye, irin harabar Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ko filin golf ɗin da marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammadu Sanusi ya gina, ko filin idi, wannan maganar injin hawa ce ko tarakta mai jan wuƙa a baya. Makarantar da ke da fili ɗaya babba, hayar tarakta sau biyu a damina tare da injin kafaɗa ɗaya ko biyu na gefe-gefe ya fi mata sauƙi a kan sayen injin hawa da ba ta da mai gyaransa.

Maganar mai gyara ita ce ta kawo mu kasuwa. Kafin ka kama hanyar Kwanar Huguma zuwa Kano, biya wurin bakaniken da ke gyaran janareta da injin ban-ruwa a unguwarku, ka tambaye shi wane iri yake iya buɗewa, wane iri kuma kayansa ke samuwa. In da hali ka tafi da shi, kuɗin motarsa da na yininsa bai kai asarar da zai tare maka ba. A Sabon Gari da Ƙofar Ruwa za ka tarar da sabo da na hannu, ɗan Kwatano. Injin Honda ko Briggs & Stratton na asali, ko da na hannu ne, yakan fi sabon da aka manna wa sunansu. Na asali yana da lamba a sassaƙe a jikin ƙarfen injin, ba a kan takarda kawai ba. Araha ba ta ado, amma mafi tsada ma ba shi ne mafita ba idan kafiretarsa sai an yi oda daga Legas. Ɗan Caina mai matsakaicin kuɗi da kayansa ke cike da kasuwa ya fi Bajamushen da zai yi wata biyu yana jiran fulogi.

Kada ka karɓi inji a rufe a kwali. A haɗa shi a gabanka, a zuba mai, a tayar da shi yana sanyi. Wanda aka riga aka ɗumama kafin ka iso yana ɓoye laifinsa. Inji lafiyayye ba ya wuce ja biyu ko uku. Ja igiyar a hankali da hannunka, ya kamata ka ji tana turjewa, idan ta zo salamun-salamun ringi ya gaji. Saurari ƙararsa a ƙasa da a sama. A injin taya, hayaƙi shuɗi na nufin yana ƙona baƙin mai, kakkarwa mai yawa kuma alamar wuƙa ko kiranshaf ya lanƙwashe. A injin kafaɗa, wuƙa ta tsaya cik idan an saki totur, idan tana juyawa kuloci ko saitin kafireta na da matsala. Tun a nan ka sayi fulogi biyu, matatar iska, igiyar tayarwa, wuƙa ta biyu da nadin zare, a rubuta maka rasit mai lambar injin.

Kayan kariya ma ka sa su cikin kuɗin injin, don ba ƙari ba ne. Tsakuwar da wuƙa ta harba tana fasa gilashin mota, balle idon yaro. Masu ƙera injin kafaɗa sun ce kowa ya nisanci mai aiki da mita 15, kuma a gida mai yara wannan na nufin a shigar da su ɗaki. Mai aikin ya sa tabarau ko garkuwar fuska, dogon wando mai kauri, takalmin roba mai tsawo saboda kububuwa da kunama, ya toshe kunne. Ba a aikin nan da silifa, ba a yinsa da babbar riga. Kafin a taɓa wuƙa don kowane dalili, a zare hular fulogi. Kada a ƙara fetur inji na da zafi. Lokacin yanka mafi kyau shi ne hantsi, bayan raɓa ta kaɗe, ko bayan la'asar, a kuma kiyaye lokutan salla da hutun maƙwabta, don ƙarar tana kai wa nesa.

Rairayi na dakusar da wuƙa da sauri, kuma dakusasshiyar wuƙa yaga ciyawa take yi, bakin ganye ya yi fari, injin ya ƙara shan mai. Duk bayan aiki biyu ko uku a wasa ta. Idan mai walda zai wasa maka wuƙar injin taya, ya ci ɓangarorin biyu daidai, sannan a rataya ta a kan ƙusa ta ramin tsakiya. Idan gefe ɗaya ya rinjaya a ƙara cin wannan gefen, in ba haka ba za ta girgiza injin. Wajen kifa injin don wanke ƙarƙashinsa, ɓangaren matatar iska ya kalli sama, kada baƙin mai ya malala cikinta. Giyar kan injin kafaɗa kuma tana son giris duk bayan awa 25.

Abin da ya fi kashe injina a wurinmu shi ne zaman rani. Daga Oktoba har Mayu inji na ajiye, fetur ɗin da aka bari a ciki ya bushe ya zama ƙaro ya toshe kafireta, musamman idan daga 'yan bumburutu aka saye shi. A yankan ƙarshe na shekara, a juye tanki, a tayar da injin a bar shi ya mutu da kansa. A canza baƙin mai, a cire fulogi a ɗiga ɗan mai a ramin, a ja igiya sau biyu a hankali a mayar. A kankare ciyawar da ta manne a ƙarƙashin kwano, a shafa wa wuƙa mai. A toshe bakin salansa da tsumma, don zanzaro na son gina ɗakinsa a ciki, a kuma ɗaga injin daga ƙasa saboda ɓera da ke cin waya da soso. A lulluɓe shi da buhu saboda ƙurar hunturu. Idan Mayu ta kama, a cire tsumman, a zuba sabon fetur a gwada shi, duk abin da ya nuna yana bukata a yi saƙonsa daga Kano tun ruwa bai sauka ba.